Fita ƙasar waje a dogon hutu da yarinya 'yar shekara biyu: ina za a je, kuma ta ina za a fara?

Wani magidanci daga Kano ya aiko da sallama da tambaya. Ya ce shi da mai ɗakinsa suna so su yi kwana goma a ƙasar waje a watan Agusta, lokacin dogon hutu, tare da 'yarsu wadda za ta cika shekara biyu a tsakiyar watan. Ba su taɓa fita da ita ba, kuma hankalinsu ya rabu tsakanin Dubai da Alƙahira da Istanbul. Yana so ya san inda ya fi dacewa da su, da abin da ya kamata ya fara yi.

Amin, wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yarinya, ya yi mata albarka. Na daɗe ina aikin shirya wa iyalai tafiya, kuma abin da na fi ganin yana ɓata hutu shi ne manya su zauna su tsara komai daidai da ƙarfinsu da sha'awarsu, sai an gama a tuna da yaro. A tafiya irin taku yarinyar ce madugu. Zafin da jikinta zai iya ɗauka, da sa'o'in da za ta iya zama a wuri guda, da lokacin barcinta, da abin da cikinta ya saba da shi, su ne za su zaɓa muku gari da jirgi da masauki. Idan ta galabaita, uwarta ce za ta kwana tana jijjiga ta a ɗakin otal, kai kuma ka kwana kana neman asibiti a garin da ba ka jin yarensa.

Mu fara da garin. A Kano watan Agusta marka ce, gari ya yi luf, da dare ma har mayafi ake ja, shi ya sa mutanenmu da yawa suke mantawa cewa a daidai wannan lokaci ƙasashen Larabawa suna tsakiyar zafinsu. A Dubai zafin rana a Yuli da Agusta yana wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, ga laimar teku mai hana gumi bushewa, kuma ko da dare da wuya ya sauko ƙasa da 30. Babba zai iya daurewa, ya sha ruwa, ya nemi inuwa. Ƙaramin yaro jikinsa ya fi saurin ɗaukar zafi da rasa ruwa, kuma bai iya cewa yana jin ƙishirwa ba, sai dai a ga ya yi laushi ko yana ta rigima. Otal-otal suna karya farashi a wannan lokaci, wannan gaskiya ne, amma kwana goman za su ƙare ne tsakanin ɗaki da mota da manyan kantuna masu na'urar sanyi. Ni a ganina a ajiye Dubai sai hutun Disamba, lokacin da yarinya za ta iya taka yashin bakin teku da ƙafarta. Alƙahira ta fi sauƙi, zafinta yana kewayen digiri 35 kuma busasshe ne irin wanda muka sani, ga shi akwai jirgin da yake tashi daga Kano kai tsaye, tafiyar da ba ta wuce wajen sa'a huɗu ba, abin da ba ƙaramar rahama ba ne ga mai goyo. Sai dai wuraren da ake zuwa Masar domin su, kamar dalar Giza, fili ne fetal babu inuwa, Luksor da Aswan kuwa zafinsu ya wuce 40. Wanda ya zaɓi Masar a Agusta gara ya karkata zuwa Iskandariyya, inda iskar teku take sassauta gari.

Na san wasu za su ce a haɗa da Umara tunda an fito. Niyya ce mai kyau, amma a tuna cewa a aikin Hajjin watan Yunin 2024 zafi a Makka ya haura digiri 51, kuma fiye da mutum 1,300 suka rasu. Zafin Agusta a can bai yi nisa da na Yuni ba. Idan har za a je da ƙaramar yarinya, a yi ɗawafi da sa'ayi da dare ko bayan asuba, a kuma yi mata allurar sanƙarau da ɗigon shan inna da Saudiyya take nema daga masu zuwa daga Najeriya.

Cikin garuruwa ukun da ka ambata, Istanbul zan zaɓa muku. Zafinta a Agusta yana tsakanin digiri 28 zuwa 30 da rana, da yamma iska tana busowa daga ruwa, abinci halal ne kusan ko'ina, masallaci kuma ba ya yi wa mutum nisa. Tana da nata wahalhalun, kuma gara ka san su tun yanzu. Lokacin cunkoson baƙi ne, saboda haka masauki yana tsada. Gari ne mai hawa da gangara, tsofaffin unguwanninsa kuma da duwatsu aka shimfiɗe titunansu. Jirgin da yake zuwa kai tsaye daga Abuja ko Legas yake tashi, daga Abuja tafiyar ta kai wajen sa'a shida da rabi. Sannan mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizar da ake mannawa a fasfo, wadda take ɗaukar lokaci. Idan lokaci ya ƙure muku, akwai mafita a nan Afirka: Gana ba ta buƙatar biza daga ɗan Najeriya saboda yarjejeniyar ECOWAS, kuma Agusta na cikin watannin da Akara ta fi sanyi, Ruwanda kuma tana ba 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka izinin kwana 30 kyauta a filin jirgi, Kigali tana kan tudu, watan rani ne a wurinsu amma ba mai ƙuna ba. A waɗannan biyun akwai sauro mai sa zazzaɓi, gidan sauro bai zama tsohon yayi ba.

Takardu su ne suka fi cin lokaci, kuma suna da jeri wanda ba a tsallake shi. Yarinya tana buƙatar fasfo nata na kanta, ba a ɗora ta a kan na uwa. Kafin fasfo sai an sami takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin takardar da asibiti ya bayar ranar haihuwa ba ita ake nufi ba. Bayan ta sai lambar NIN ta yarinyar, sannan a cike neman fasfo a shafin Hukumar Shige da Fice, a haɗa da wasiƙar amincewar iyaye, a kai ta ofis a ɗauki hotonta. Yara fasfon shekara biyar ake ba su, kuma tun daga 1 ga Satumba 2025 kuɗin mai shafi 32 ya koma naira 100,000 ga wanda ya nema a cikin gida. Ku ma ku duba naku: yawancin ƙasashe suna so ya zama saura aƙalla wata shida kafin fasfo ya mutu, da shafuka biyu da ba a buga musu komai ba. Ina ba da shawarar a fara wannan aiki wata huɗu kafin ranar tashi, domin duk shekara a daidai wannan lokaci ofisoshin fasfo da na biza suke cika.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mu Hausawa, wato sunaye. A al'adarmu uba yana ɗauke da sunan mahaifinsa, uwa tana riƙe da sunan nata mahaifin, yaro kuma sunan ubansa na yanka ake liƙa masa. Sai ka ga fasfo uku na gida ɗaya kowanne da sunan ƙarshe daban. Jami'in shige da fice a wata ƙasa, wanda aka horar da shi a kan safarar yara, yana da damar tambayar me ya haɗa wannan mata da wannan yarinya. Saboda haka takardar haihuwa ta asali da takardar aure su kasance cikin jakar hannu, kada a jefa su cikin akwatin da za a auna. Idan wata rana uwar ce za ta yi tafiya da yarinya ita kaɗai, ta riƙe wasiƙar izini daga gare ka mai hatimin kotu ko na lauya, tare da kwafin fasfonka. Haka kuma a lura da rubutun suna. Idan takardar haihuwa ta ce Muhammad, NIN ta ce Mohammed, to a gyara tun kafin a nemi fasfo, kuma tikiti ya fito harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo.

Wajen biza, kowane mutum da tasa, har da yarinyar. Za a nemi bayanan asusun banki na watannin baya, da wasiƙar wurin aiki ko takardun kasuwanci, da shaidar masauki da ta jirgi, da inshora. Kada a zuba wa asusu kuɗi masu yawa rana ɗaya ana gobe za a kai takardu, masu dubawa sun san wannan dabara kuma tana jawo ƙi. Kada kuma a biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito; a kama kujera kawai, a zaɓi masaukin da ake iya sokewa kyauta.

Yanzu ga abin da ya fi jan hankalina a tambayarka, wato ranar haihuwar yarinya. A wurin kamfanonin jiragen sama, wanda bai cika shekara biyu ba jariri ne: a cinya ake riƙe shi, kuma a tafiyar ƙasa da ƙasa abin da ake biya masa yana kewayen kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba, ban da haraji. Daga ranar da ya cika biyu dole ya sami kujerarsa, kuɗin kuma yakan kai kashi 75 cikin 100 ko ma fiye. Abin da ake dubawa shi ne shekarun yaro a ranar kowane tashi, har da na dawowa. Na taɓa karɓar kira da tsakar dare daga wani bawan Allah da ya yanki tikitinsa da kansa, ya sa ɗansa a matsayin jariri, yaron kuma ya cika shekara biyu suna can. Da suka zo kanta ranar dawowa aka ce sai an saya wa yaro kujera, jirgin kuma ya cika maƙil. Sai da suka ƙara kwana biyu a otal, suka biya kuɗin canjin rana na mutum biyu, suka sayi kujerar yaro a farashin ranar. Kamfanoni sun bambanta a yadda suke warware wannan, saboda haka ka faɗa wa mai yankar tikiti ranar haihuwarta a fili, ya rubuto maka amsar kamfanin. Kuna iya tsara tafiyar ku dawo kafin ranar, ku tsira da kuɗinku. Amma idan aljihu zai ɗauka, ni na fi son a saya mata kujera zuwa da dawowa. Yarinya mai wata 23 ta yi nauyi, ta iya tafiya, ba ta yarda a riƙe ta, kuma ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bangon jirgi yawanci ba ya ɗaukar wanda ya wuce kilo 11. Sa'a shida da rabi da irin wannan yarinya a cinya aiki ne da uwa za ta ji a ƙugunta har kwana biyu.

Sai lafiya. Ku je wurin likitan yara wata guda ko sati shida kafin tafiya, da katin rigakafinta a hannu. A tsarin Najeriya ana yin allurar shawara da ta ƙyanda a wata tara, ana maimaita ta ƙyanda a wata 15, kuma wannan ta biyun ce iyaye da yawa suke mantawa, alhali filin jirgi da cunkoson baƙi wuri ne da ƙyanda take yaɗuwa. Katin asibitin unguwa ba shi ne katin shawara na tafiya ba. Katin tafiyar, mai launin ruwan ɗorawa, a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ake karɓar sa bayan an biya ta intanet. Ana yawan tambayar sa a filayen jiragenmu, kuma Masar da Saudiyya da Gana da Ruwanda duk suna neman sa. Ga wanda aka yi wa allurar yanzu, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, amma tun daga Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Idan mai ɗakinka tana da juna biyu, ta faɗa wa likita kafin a yi mata wannan allura, ta kuma san cewa daga wajen mako na 28 kamfanoni da yawa suna neman wasiƙar likita kafin su bar mace ta hau.

Abubuwa biyu zan roƙe ka kada ka ɗauke su da wasa. Na farko, idan yarinya tana da sikila, kada a yanki tikiti sai likitanta ya amince ya kuma faɗi yadda za a yi, domin iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, ga bushewa ga sanyi, kuma waɗannan duka suna iya tayar da ciwon. Na biyu shi ne zazzaɓin cizon sauro. Za ku bar Kano a tsakiyar damina, sauron da ya cije ta ana saura kwana uku ku tashi yana iya nuna aikinsa bayan sati ɗaya ko biyu, kuna tsakiyar Istanbul, inda likita yana iya shekara bai ga mai wannan ciwo ba. Duk zazzaɓin da ya kama ta a can, kalmar farko da za ka faɗa wa likita ita ce daga Najeriya kuke, a yi gwajin maleriya a ranar. Ka nemi likitanku na gida ya rubuta muku maganin da ya dace da nauyinta ku tafi da shi cikin kwalinsa, tare da farasitamol na yara, da ma'aunin zafin jiki, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa da ƙwayar zinc. Lambar gaggawa a Turkiyya 112 ce, kantin magani kuma za ka ga an rubuta masa Eczane, kuma kowace unguwa tana da wanda yake kwana a buɗe bisa juyi. Inshorar tafiya a tabbata sunan yarinya yana ciki, a karanta abin da ta ɗauke da wanda ta cire, domin asibitocin kuɗi a can suna da tsada ga baƙo.

Wata magana kuma ta uwargida ce. Shekara biyu lokacin yaye ne a wurinmu, kuma na sha jin an ce bari a yaye yaro kafin tafiya don a huta. Idan har yanzu tana shan nono, a bar yaye sai an dawo. Nono shi ne abincin da ba ya gurɓata a hanya, shi ne abin lallashi a baƙon ɗaki, kuma shi ne maganin ciwon kunne a jirgi. Yaye da baƙon wuri a lokaci guda sun yi wa ƙaramar zuciya yawa.

Ranar tafiya, ku kwana a Abuja tun jajibiri. Hadarin Agusta yana jinkirta jiragen cikin gida, kuma idan tikitin Kano zuwa Abuja daban yake da na waje, kamfanin waje ba ruwansa da dalilin makararku. Idan kuka zaɓi hanyar da ake yada zango, kamar ta Alƙahira ko Doha ko Adis Ababa, ku nemi tazarar sa'a biyu zuwa uku, kuma tikitin ya zama ɗaya tun daga Kano har ƙarshe. Jirgin dare ya fi, saboda barci zai cinye rabin hanya. Keken tura yara mai naɗewa ana barin ku da shi kyauta har bakin ƙofar jirgi, kuma za ku gode masa a sabon filin jirgin Istanbul, wanda aka koma cikinsa gaba ɗaya a 2019, domin tafiyar ƙafa daga ƙofa zuwa wurin duba fasfo tana da nisa ƙwarai. Amma kada a bar zanin goyo a gida. A kan duwatsun tsohuwar unguwar Sultanahmet ta Istanbul da matattakalar masallatai, goyo ya fi keke amfani. Dokar hana ruwa fiye da mililita 100 a jakar hannu ba ta hau kan madara da abincin yara ba, a dai fito da su a nuna. A cikin jakar a sa famfas ninki biyu na abin da ake zato, da kayan canji kala biyu na yarinya da ɗaya na uwa, da rigar sanyi da safa, da abin wasan da ta saba kwana da shi.

Kunne shi ne abin da yake sa yara ihu, kuma ya fi tsanani wajen sauka. Kusan rabin sa'a kafin jirgi ya taɓa ƙasa za ka ji ƙarar injin ta canza, kunnenka ya toshe. A daidai nan ake so yarinya ta kasance a farke tana tsotso ko tana kurɓar ruwa, saboda haɗiya ce take buɗe 'yar hanyar da ke tsakanin kunne da maƙogwaro. Idan tana da mura mai nauyi ko ciwon kunne ana gobe tafiya, a nuna wa likita. Kuma don Allah kada a ba ta maganin mura mai sa barci don ta yi shiru. Wasu daga cikin irin waɗannan magunguna an hana ba wa wanda bai kai shekara biyu ba saboda suna iya danne numfashi, wasu yaran kuma maimakon barci sai su birkice.

Masauki ya fi komai tasiri a kan yadda kwanakin za su kasance. Ku kama wuri ɗaya ku zauna, kada a raba kwana goma tsakanin garuruwa uku. Ɗaki mai ɗan kicin da firiji ya fi otal mai ƙawa, domin yarinyar da ta ƙi abincin baƙi za ta karɓi kunun gyada ko 'yar taliyar da uwarta ta dafa. A tafi da garin kunu a rufaffiyar leda mai suna. Ka tambaya a rubuce ko akwai lifta da na'urar sanyaya ɗaki, saboda tsofaffin gidajen Sultanahmet da Beyoglu da aka mayar masauki da yawansu matattakala ce siririya har hawa huɗu. Wurin da yake kusa da layin taram (jirgin ƙasa na kan titi) na T1 ya fi, shi ne yake ratsa Aksaray da Laleli da Sultanahmet da Eminonu, kuma da katin Istanbulkart ɗaya za ku hau taram da jirgin ƙasa da na ruwa, yarinya kuma kyauta ne. Motocin haya ba su da kujerar yara, saboda haka daga filin jirgi zuwa gari, tafiyar kusan kilomita 40, a yi odar mota mai kujerar tun kafin a iso. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ba irin namu mai uku ba, a sayi mahaɗi tun daga gida. Ruwan sha kuma na gora za a ba ta.

Yawancin abincin Turkawa ba shi da yaji, kuma wannan alheri ne ga yaro. Miyar adas da suke kira mercimek, da farar shinkafa mai man shanu, da kindirmo, da burodi mai laushi, duk yara suna karɓa. Ayran ma nono ne da aka dama da ruwa da ɗan gishiri, ba zai yi mata baƙunta ba.

A kowace rana wuri ɗaya ya isa. A fita da safe, a dawo bayan azahar ta yi barcinta a kan gado, sannan a sake fita da la'asar. Agogon Turkiyya yana gaban namu da sa'a biyu, kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas, saboda haka kada a matsa mata ta koma sabon lokaci: yarinyar da take barci ƙarfe takwas a Kano za ta yi ƙarfe goma a can, wanda ya ba ku yamma mai tsawo, kuma idan an dawo gida ba sai an sake gyara ba. Abin da zai burge ta ba shi ne abin da ke cikin littafin baƙi ba. Ku hau jirgin fito daga Eminonu zuwa Uskudar, tafiyar da ba ta wuce minti 20 ba daga Turai zuwa Asiya, ku sayi burodin nan mai zobe da riɗi da suke kira simit, ku zauna a bencin waje kana riƙe da ita sosai. Fararen tsuntsayen teku za su biyo jirgin suna cafke gutsuren burodi a iska, ita kuma za ta yi ta miƙa hannu tana ƙyalƙyala dariya, kuma za ta nemi a sake gobe. Lambun Gulhane da ke gindin fadar Topkapi yana da manyan itatuwa da inuwa da wurin gudu. Babbar kasuwar Kapalicarsi kuwa, mai shaguna kusan 4,000, wadda ba ta buɗewa ranar Lahadi, da shagunan tufafi na Laleli da 'yan kasuwarmu suka sani, ba wurin ƙaramar yarinya ba ne. Ku yi karɓa-karɓa: ranar da uwargida za ta shiga kasuwa kai ka zauna da 'yarka, ita ma ta san ta zo hutu. Kullum da safe ka ɗauki hoton yarinya da kayan da ke jikinta, ka sa katin masauki a aljihunta. Turkawa masu son yara ne, za su ce maşallah, su ja kumatu, wasu su nemi hoto da ita; idan ranku bai so ba, murmushi da girgiza kai sun isa.

Game da kuɗi, bankuna suna sayar wa matafiyi baligi guzurin da ake kira PTA har dala 4,000 a kowane wata uku idan ya nuna fasfo da biza da tikiti, kuma tun 2024 Babban Banki ya ce a kati ake zuba shi. Ko ta banki ko ta 'yan canjin Wapa, a riƙe tsabar kuɗi kaɗan sababbi marasa yagewa, a raba su tsakaninka da mai ɗakinka, kuma duk abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan. Ni nakan ce a ware kashi ɗaya cikin biyar na guzuri a manta da shi, na asibiti ne ko na ƙarin kwana, ba na tsaraba ba. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe da hannunka ba, ko daga wa yake, kuma magunguna irin su tiramadol da kodin suna iya kai mutum kurkuku a Masar da Dubai idan babu takardar likita. Idan akwati ko keken yarinya bai fito ba, ko ya fito a karye, kada ku bar filin jirgi sai an cike muku takardar rahoto a ofishin kaya. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta sufurin jiragen sama, kwana bakwai ne wa'adin kai ƙorafin lalacewa a rubuce.

Ka sa ranar dawowa ta zama saura kwana biyu ko uku ka koma aiki, domin yara sukan dawo da mura ko rikicin barci. A wannan satin kuwa, ka ɗauko fasfonka da na uwargida ka duba ranar mutuwarsu, ka ɗauko takardar haihuwar yarinya da katin rigakafinta ka ga ko an yi allurar wata 15, ka kuma gwada rubutun sunanta a kan kowace takarda. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. A gaida uwargida.